Tafkin Jadwiga

Kullum da safe Ludwik yakan cika bokiti da jiƙaƙƙiyar alkama, ya bi ta gaban tagar matarsa, ya ɗaga mata bokitin ta gani, sannan ya gangara tafki ya watsa wa kifayen da ya san babu su.

Da hannunsa ya binne su.

Tafkin na matarsa Jadwiga ne tun farko. Shi manomin dankali ne, kifi sai dai ya gan shi a faranti ranar jajibirin Kirsimeti. Da ƙungiyar manoma ta zo da tallafin kiwon kifi, ita ce ta sa takalmin coci ta je ta zauna aka koya mata, ta dawo da motar haƙa ƙasa da 'ya'yan kifin karp. Fadamar bayan gida, wadda ba ta taɓa ba su komai ba sai sauro, ta fara ciyar da su. Suka gyara rufi, 'yarsu Renata ta daina nacin su tattara su koma wajenta birni.

Sai ciwo ya kwantar da Jadwiga a tsakiyar hunturu. Ludwik ya tare a asibiti, ya manta da abin da ta sha gaya masa: idan ruwa ya daskare a share dusar ƙanƙara, a fasa rami kifi ya samu iska. Da ƙanƙarar ta narke ya tarar da su birjik a saman ruwa, ciki sama.

Likita ya sallame ta ba don ta warke ba. Ludwik ya tura gadonta jikin taga, ya ƙudura a ransa cewa matar nan ba za ta bar duniya da wannan labari ba. Ko maƙwabcinsu Mietek bai gaya wa ba, ga shi kuwa Mietek ba ya rabo da gidan. Ranar da ta aiki Ludwik gari neman wani maganin da ya yini bai samu ba, da ya dawo ya ga sawun tarakta har bakin ruwa. Jadwiga ta ce wai itace Mietek ya kawo.

"Suna ci kuwa, tsoho?" takan tambaye shi.

"Kamar surukai a gidan biki."

"To kar ka yi musu rowa, na san halinka. Ƙara musu."

Sai ya ƙara. Mutumin da ba ya barin ɓawon burodi a tebur, ga shi yana zubar da alkama a ruwa don agwagin daji da kwaɗi. Yakan juya wa tafkin baya da zarar ya watsa, don ba ya iya kallonsa. Ruwan ma ya daina kyau, kullum a gurɓace da laka. Wani zalɓe kuma ya ƙi barin wurin, yana tsaye a ƙafa ɗaya tun safe.

"Ni da kai ban san wanda ya fi wauta ba," Ludwik ya ce wa zalɓen.

Abin da ke cin ransa shi ne kaka. Lokacin ne ake buɗe magudana a janye ruwa, maƙwabta su shiga laka da raga, kuma tagar Jadwiga na kallon wurin. Ya rasa abin da zai roƙa a coci. In ta kai kaka za ta ga tafki fayau, in ba ta kai ba ya rasa ta. Sau da yawa yakan durƙusa ya tashi bai roƙi komai ba.

Ba ta kai ba. Ta rasu ana cikin tonon dankali, bayan ta tambaye shi ko ya ba kifi abinci. Ya ce ya ba su. Ya nemi jan murjaninta na gado, wanda ta daɗe tana cewa da shi za a binne ta, ya birkice akwati bai gan shi ba. Haka aka rufe ta da wuya babu komai, abin ya tsaya masa a rai.

Duk da haka bai daina gangarawa da bokiti ba, har yakan ɗaga shi a gaban tagar. Renata ta ce ya haɗa kayansa, babu abin da zai riƙe shi a ƙauye kuma. Bai yi musu ba. Ya buɗe magudana don ya bar fadamar yadda ya same ta.

Ruwa ya kusa ƙarewa sai ga Mietek da 'yan'uwansa, da dogayen takalman roba da raga da manyan bahuna.

"Ku mayar da kayanku, Mietek. Babu komai a ciki."

Mietek ya shiga laka. Can ƙasa inda sauran ruwan ya taru, wuri ya hau motsi. Baya ne na kifi, manya, masu ƙiba, suna ture juna suna watsa laka. Ludwik ya zauna a ƙasa ba tare da ya sani ba.

Mietek ya fito rungume da ɗaya, ya ajiye masa a gaba, ya cire hula.

"Tun daga tagar nan ta gane, ranar da ta dawo. Ta ba ni murjaninta na sayar na sayo waɗannan, na zuba su ranar da ta aike ka gari. Na ce bari in gaya maka, ta ce a'a. Ta ce in ka san ta sani za ka zauna kana kuka, amma muddin kana mata ƙarya, ba za ka fasa ba su abinci ko rana ɗaya ba."