Tartsatsin da Ya Bi Layi

Kai da kake rantsuwa cewa sa wa aikinka hannu aka yi, zauna ka ji wannan. A wata kasuwa an yi wani mai naɗin koyil, wanda ke farfaɗo da fanka da injin niƙa in sun ƙone. Mutumin gwani ne, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ya je ya yi wa shugaban wata makaranta alkawarin cewa ranar bikin ba da kyaututtuka zai nuna wa ɗalibai walƙiya tana tashi a kan tebur. Ya samo bututun roba, ya naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye wajen dubu, ya kifa kwanon samira a samansa don tartsatsi ya tashi daga nan. Da ya kunna, sai wutar ta yi biris da kwanon, ta gangaro ta jikin bututun tana cin wayar, rumfarsa ta cika da ƙauri. Ya sake naɗa wani, ta maimaita. Mai walda na kusa da shi ya ce ya ƙara mata ƙarfi, mai faci kuwa ya ce aljanun tsamiyar bayan rumfa ne ba sa son a kwaikwayi hadari. Saura kwana uku biki, wayar da ta rage ba za ta wuce naɗi ɗaya ba, kasuwa kuma har ta fara kiransa Sarkin Hayaƙi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bai taɓa sauran wayar ba. Ya warware ƙonannun biyun, ya zauna da su a rana yana juyawa. Can sai ya lura ƙunar a miƙe take sak daga sama har ƙasa, a duka biyun. Ya ce a ransa, yaushe wuta ta fara tafiya da rula? Nan ya tuna. Ubansa kafinta ne, shi ya koya masa kada ya taɓa aiki bai ja layi ba, don haka kafin kowane naɗi sai ya zare fensir daga bayan kunne ya ja layi a tsawon bututun. Ashe baƙin fensir yana ɗaukar lantarki. Da hannunsa ya shimfiɗa wa wutar hanya, ita kuwa ba ta ƙin sauƙi. Ya yi dariya har da hawaye. Ya sayo sabon bututu, ya wanke shi tas, ya shanya, ya naɗe shi da ido kawai.

Ranar biki, mai walda da mai faci suka rufe rumfunansu suka zo kallon hayaƙi. Ya danna makunni. Tartsatsi shuɗi mai tsawon kamu guda ya tashi daga kan kwanon yana ƙara ƙas-ƙas, yana rassa a iska. Ɗalibai suka ɓarke da sowa, shugaban makaranta ya ja da baya har hularsa ta faɗi. Mai faci ya riga kowa yin tafi, yana cewa, "Ai dama na faɗa, maƙwabcina ba ya wasa!"

To, kafin ka tafi neman wanda ya yi maka asiri, koma ka duba abin da hannunka ya ja. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.