Hoton Alhaji Maishanu

Jabir ya iso Jalingo kwana biyu bayan an binne mahaifinsa. Saƙon ya same shi a Legas, motar da ya shigo ta lalace a Wukari, kafin ya iso har ƙasar kabarin ta bushe.

Shekara bakwai rabonsa da mahaifin nasa, Alhaji Sirajuddeen Maishanu. Baram-baram suka rabu, ranar da Jabir ya ce shi karatu zai ci gaba da yi, ba zai bi tirelar shanu zuwa kudu ba. Alhaji ya ce ya je takarda ta tuƙa masa tuwo. Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Yanzu abu ɗaya Jabir yake so, ya sake ganin fuskar tsohon ko da a takarda ce. To amma Alhaji da hoto sai akuya da ruwan sama. Da ya hango mai hoto a wurin biki sai ya juya masa ƙeya. Fasfon Makka kuwa gara ta daɗe da gamawa da shi. In Jabir ya rufe ido yakan ga hular, ya ga gemun, amma tsakiyar ta ƙi zuwa. Wannan abu ya tsorata shi ƙwarai, bai kuma gaya wa kowa ba.

Masu ta'aziyya suka yi ta lissafa alherin mamacin. Shi ya haƙa rijiyoyin unguwar Mayo Gwoi, shi ya yi wa makarantar unguwa rufi. Shekara shida da suka wuce, a 1990, ya sayar da garke guda ya gina wa wata jami'a da ke wata jiha ɗakunan kwanan ɗalibai mata, su kuma suka sa shi cikin kwamitin amintattunsu.

Wannan na ƙarshen ne ya ba Jabir mamaki. Mutumin da ba ya iya yin minti goma a kan kujera, wanda yake cewa taro aikin marasa shanu ne? Ya tambayi Job, direban gidan na shekara ashirin, wanda ya ɗauke shi a kafaɗa tun yana ƙarami.

"Kawu Job, da gaske Baba yana zuwa taron nan?"

"Duk wata uku muna kama hanya," in ji Job. "Akwai kasuwan shanu a hanya, Alhaji yana son shi sosai. Mota kuma bai taɓa fashin taro ba."

Ya ci gaba da goge gilashin Fijo.

Ana nan sai ga wasiƙa daga jami'ar. Za su aiko wakilai ranar addu'ar arba'in, kuma za su kawo wa iyalin babban hoton marigayin da aka ɗauka a zauren majalisarsu. Sau uku Jabir ya karanta layin nan. Ya sa aka fente bangon zaure, ya buga ƙusa da hannunsa.

Ranar arba'in aka kafa rumfa a ƙofar gidan da ke unguwar Sarkin Dawaki. Tun da safe Job ya wanke mota, ya kawo makulli, ya nemi izinin komawa gidansa a Nukkai, wai mai ɗakinsa ba ta da lafiya. Jabir ya ce Allah ya sawwaƙe, hankalinsa duk yana kan hanya.

Bayan an shafa addu'a, magatakardar jami'ar, Dokta Rachael Manga, ta miƙe. A gefenta an jingine hoton, an lulluɓe shi da farin ƙyalle.

"Ni ban taɓa ganin babban mutum mai sauƙin kai irin Alhaji ba," in ji ta. "Da kansa yake tuƙo motarsa, ba direba, ba ɗan rakiya. In lokacin salla ya yi, sai ya fita shi kaɗai, ba ya son nuna kai. Masu shara ma da yaren Mumuye yake gaisawa da su. Kuma bai taɓa yarda a sa taro ranar Lahadi ba, saboda mu Kirista."

Tsofaffin dillalan shanu suka dubi juna. A iya saninsu Alhaji ko keke bai iya ba. Jabir ma ya san haka, amma ya ce a ransa shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce, mutum yakan koyi abubuwa.

"Ba shi da yawan magana," Dokta ta ci gaba. "In an yi ta gardama, sai ya ce a yi abin da zai taimaki yara. Amma akwai zance ɗaya da ba ya gajiya da shi. Duk zuwan da zai yi sai ya ce, yaronmu Jabiru yana karatu a Legas, wata rana shi zai zauna a kujeran nan. In yana faɗa, fuskarsa har haske take yi."

Jabir ya sunkuyar da kai. Kukan da ya ƙi zuwa kwana arba'in ya zo masa a gaban jama'a, bai kuma ji kunya ba. Ashe tsohon ya huce. Ashe har alfahari yake yi da shi a bayan idonsa.

Dokta ta ce ɗan marigayi ya zo ya buɗe hoton da hannunsa. Ya tashi, ya goge ido da hannun riga don ya gani da kyau, ya yi bisimilla, ya janye ƙyallen.

A cikin gilashin, zaune a kujerar majalisa cikin babbar rigar Alhaji, Job direba ne yake yi masa murmushi.