Mai Jar Lema

Shayi ya huce a gaban Injiniya. Ya dubi ƙofar gidan abincin, ya dubi waya, ya gyara hula, ya sake duban ƙofa. Wadda yake jira ta ce da jar lema zai gane ta.

Manhajar haɗa aure ce ta haɗa su, kuma shi ya rubuta ta da hannunsa. Ba suna, ba hoto, ba shekaru. A ɓoye take auna mutane, ta haɗa sa'a da sa'a. Da aka buɗe ta ko kare bai leƙa ba, sai da ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su yi rajista don a rufa masa asiri.

Yarinyar nan kuwa ta tafi da imaninsa. Kullum sai ta tambaya ko ya ci abinci, ga karin magana a bakinta kamar ba 'yar zamani ba. Har ya yi wa Gwaggo albishir, ita da ta rene shi tun rasuwar mijinta, ta kuma ishe shi da gorin tuzuranci. In yau ta watse, bai san da idon da zai kalle ta ba. Sa'arsa ɗaya, tun safe ta ci ado ta fita, wai ganin likitan ido.

Waya ta yi ƙara. Abokin aikinsa ne.

"Kai, gwajin rage shekarun nan da ka yi, bayanan wa ka miƙa wa aikin lissafin da ke cikin manhajar?"

"Na wata ne cikin 'yan farkon rajista. Ai kwafi ne."

"Kwafin me? In ka miƙa wa aiki abu, mukullin gida ka ba shi, ba hoton gida ba. Abin da ya taɓa a ciki, na ainihi ya taɓa. Ka zaftare wa baiwar Allah rabin shekarunta, an adana, har manhaja ta haɗa ta da wani yaro!"

"Sai gobe, don Allah, baƙuwa nake jira."

Ya kashe wayar yana dariya. Wani dai ya shiga uku.

Ƙofa ta buɗe, ya miƙe tsaye da murna. Gwaggo ta naɗe jar lemarta a hankali, tana leƙa tebur bayan tebur, tana neman dattijon da ya yi mata alkawarin aure.