Geron da Baba ya sa na tamna

Da marecen nan Baba na kwance a inuwar rumbu, ciwo ya cinye shi. Mu kaɗai ne Kirista a layinmu na Dakoro, amma maƙwabta ba su bar zuwa gaishe shi ba. Wani Alhaji mai saida hatsi ya riƙe hannunsa ya ce, "Mutum irinka ba ya da abin tsoro wurin Allah." Na ji daɗi, don tsoron da nake ji ke nan.

Da baƙon ya tafi, Baba ya ce in ɗebo gero cikin ƙwaryar da Inna ba ta riga ta rege ba.

"Tamna, ɗiyata."

Geron fes yake a ido. Na tamna, yashi ya yi ƙaras a haƙorina.

"Mafi kyawun gonata ke nan," in ji shi. "Haka nake, haka uwarki, haka kowa. Kuma gero bai iya fidda yashinsa da kansa. Yesu ne ya wanke ni."

"Kai ba ka da yashi!" na ce.

"Ina da shi. Ba halina zan kai gaban Allah ba."

Na zagaya bayan rumbu na yi kuka, ina jin haushinsa don ya ƙi yarda ya fi kowa.

Yanzu shekaruna sun wuce waɗanda Baba ya yi a duniya. Na san abin da ke cikina sarai, kuma na gode da bai yi mini ƙarya ba.