Sarauniyar da Ta Ƙi Kuka

"Ki yi kuka, Hafiza! Don girman Allah ki yi kuka!"

Muryar Malama Laraba har ta dishe. Gobe ne gasar makarantun sakandare a Gummi, kuma shugaban makaranta ya rantse in suka sake zuwa na ƙarshe, shi da wasan kwaikwayo a darasin Turanci har abada.

Tsohon wasa ne na Turawan da. Ana zuwa a gaya wa sarauniya ɗanta ya mutu. Hafiza 'yar ƙauyen Bagega, wadda ke fitowa a matsayin sarauniyar, ta haddace kowace kalma, amma da an zo wurin nan sai ta sandare, ta ƙura wa bango ido tana murza bakin hijabinta.

Malama ta maka littafin a kan tebur. "Wai ke dutse ce? Ki ɗauka ƙaninki ne ya rasu!"



"Wanne daga ciki, Malama?" in ji Hafiza a hankali. "Ukku gubar dalma ta kashe muna. Ai wasan nika yi. Haka Inna ta tsaya ran da na ukkun ya cika."