Bokitin Ruwa a Ranar Farko

"Wannan ba wasa ba ne, ɓata lokaci ne," wani ya faɗa da ƙarfi daga cikin 'yan kallo.

A bayan labule, Wendyam ya yi murmushi. Haka ya tsara sabon wasan kwaikwayonsa. Ɗan wasansa Rasmane zai saje da jama'a ya kushe wasan, samarin gidan da aka ara don yin wasan su sheƙa masa ruwa su fitar da shi. Ba su san Rasmane ba, an dai ce musu su jiƙa duk wanda ya yi zagi.

Yau alƙalin bikin wasan kwaikwayo na Wagadugu zai zo, kuma wasan da ya zaɓa ne zai je Turai.

Wendyam ya ji zubar ruwa, ya ji ana cewa, "Kun san ko ni wane ne?" Tsakar gida ta kaure da tafi.

"Shegen yaro, har murya ya sauya," in ji shi.

Sai aka taɓa kafaɗarsa. Rasmane ne, rigarsa a bushe.

"Maigida, yi haƙuri, tayar babur ce ta fashe. Wai wa ya jiƙa alƙali? Ga shi can ƙofa yana matse riga."