Hotonta a Saman Allo

Maɓalli uku Tanwir ya danna tare, allon kwamfutar ya dushe kamar an rage fitila. Ya tura hirar da ke buɗe a allon har saƙonnin farko suka ɓace, ya ja linzamin kwamfutar ya zana akwati a kan na ƙarshe, waɗanda suka fi ciwo, ya saki. Bai taɓa sayen wata manhaja don wannan ba, kwamfutar da abin yankanta ta zo. Hoton ya fita tas.

Ya buga shi a takarda mai launi, ya rufe shagonsa na kwafi tun kafin la'asar, ya hau babur ya kama hanyar ƙauye daga garin Muzaffargarh.

Mahaifinsa, Malik Allah Ditta, yana zaune a gadon igiya ƙarƙashin mangwaro tare da ƙanen Malik ɗin, Gulam Sarwar. Malik bai iya karatu ba, kuma bai taɓa ganin haka ya rage shi da komai ba. Gonar mangwaronsa ta kai bakin magudanar ruwa, kuma kowa ya ji ya ce rabinta na Shagufta ne, 'yarsa da ta dawo gida bayan mijinta ya rasu.

"Baba, ta bar shafinta a buɗe a kwamfutata," in ji Tanwir. "Da ma ban gani ba."

Gulam Sarwar ne ya karanta, yana bin takardar da yatsa. "Ga hotonta nan a sama, Yaya, kada wani ya ce ƙage ne. Wannan koren na dama, maganar ƙaton ce: Ki same ni a tashar mota ranar Laraba, ke kaɗai. Wannan farin na hagu, nata ne: Zan zo, amma kada Baba ya sani tukuna."

Malik ya karɓi takardar ya daɗe yana kallonta. Haruffan ba su ce masa komai ba. Fuskar dai tata ce, da koren mayafin da ya sayo mata a Multan.

Aka kira ta. Ta fito da ƙullun gurasa a hannu, ta ji abin da ake faɗa, ta yi tsaye.

"Aiki ya ce zai samo mini, Baba. Koyarwa a makarantar mata. Ya ce daga ofishin ilimi yake. Na so sai abin ya tabbata in gaya maka. Ku duba farkon hirar, tana cikin wayata."

Ta miƙo wayar. Tanwir ya fizge ta ya maka ta da bango, ya bi ta da dunduniya yana kuka, yana cewa ta zubar musu da mutunci. Mazan da ke wurin suka rirriƙe shi suna ba shi haƙuri. Ita ba wanda ya riƙe ta.

Da yamma dattawan dangi suka zauna. Takardar ta zagaya daga hannu zuwa hannu, kowa ya matso da ita kusa da ido ya girgiza kai, har da waɗanda suka riƙe ta a juye. A ƙauyenmu abin da inji ya buga ya fi rantsuwar mace nauyi. Aka tambayi Malik abin da ya gani. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ya tashi ya tafi masallaci, kuma kowa ya san ma'anar tashin.

Kafin gari ya waye Shagufta ba ta da rai. Aka gaya wa maƙwabta wutar lantarki ce ta ja ta wajen guga. Maƙwabta suka zo gaisuwa, suka sha shayi, ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ba a bar matan unguwa sun yi mata wanka ba.

Saura ƙaton. Gulam Sarwar ya baza 'ya'yansa tashar mota kowace Laraba, suka yi ta kallon fuskokin baƙi har damina ta wuce. Lambar wayar ƙaton a kashe take. Malik ya rame, ya daina zuwa gona, ya bar wa Tanwir ita gaba ɗaya. Takardar na cikin aljihun rigarsa, yakan buɗe ta don ya ga fuskar, domin duk sauran hotunanta an ƙone su. Yana kewarta, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

Babban ɗansa Jahangir, wanda ke tuƙin mota a Sharjah, ya matsa a haɗa shi da tsohon su yi magana ta kwamfuta. Wata safiya Tanwir ya ɗauko mahaifinsa zuwa shago, ya zaunar da shi gaban kwamfutar, ya kunna masa fanka.

"Ba wuya, Baba. Kawo hannunka. Ka danna nan ka yi magana, sai ka saki."

Malik ya danna, ya yi sallama. Wani koren akwati ya fito a gefen dama. Can sai fari ya fito a hagu, da muryar Jahangir a ciki.

"Ina nawa hoton?" in ji Malik. "Jahangir kawai nake gani a sama."

Tanwir ya yi dariya. "Haba Baba, ai mutum ba ya ganin nasa. Na sama na wanda kake magana da shi ne. Kai da ke zaune a nan, naka shi ne kore, a dama. Kullum haka yake."

Malik ya ƙura wa allon ido. Ba ya buƙatar taɓa aljihunsa, ya san takardar kamar tafin hannunsa: Shagufta a sama, maganar ƙaton kore a dama. Ashe shafin da ke kwamfutar Tanwir ba nata ba ne, na ƙaton ne. Ya sunkuya ya dubi linzamin, inda ƙaton da suka gaji da nema a tashar mota yake riƙe da hannunsa.